Bincike namu, makulli nasu: fashin baƙi kan wallafa a buɗe

Wata Asabar bayan la'asar 'yar yayata ta zo gidana a Unguwar Dosa, ko mayafi ba ta ajiye ba ta miƙo mini wayarta. Ungozoma ce, tana kuma karatun digiri na biyu. Ta ce, "Kawu, duba mini wannan. Ita ce maƙalar da malamina ya ce lallai in karanta kafin in rubuta babi na biyu, amma tsakure kawai suka nuna mini." Na karɓa na duba. Ga kan maƙalar, ga sunayen marubutan, ga taƙaitaccen bayani da bai wuce layi goma sha biyu ba, sai wani ɗan akwati a ƙasa yana neman dala 35 kafin a buɗe sauran. Muka buga lissafi a kan canjin naira 1,500, ya kama naira 52,500. Kashi uku cikin huɗu ke nan na mafi ƙarancin albashin naira 70,000 da aka amince da shi a 2024, duk a kan shafuka tara ko goma. Ta buɗe littafin rubutunta ta nuna mini jerin maƙalun da take nema, sun kai arba'in.

Ba tsadar ce ta fi ci mini rai ba. Maƙalar a kan ƙarancin jini ga masu juna biyu take, kuma a asibitocin Arewa aka tattara bayanan. Matanmu ne suka miƙa hannu aka ɗebi jininsu, ma'aikatanmu suka cike takardun, ga shi wadda take karɓar haihuwar irin waɗannan matan kullum ba ta da ikon karanta abin da aka gano.

Kafin a gane dalilin fafutukar da ake kira wallafa a buɗe, wato a saki sakamakon bincike a intanet kowa ya karanta ba tare da biyan ko kwabo ba, sai an san yadda kasuwar take tafiya, domin ba ta yi kama da kowace kasuwa da muka sani ba.

Malamin jami'a yana yin bincike da albashin gwamnati, ko da tallafin TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, ko kuma da aljihunsa, wanda shi ne ya fi yawa a wajenmu. Idan ya gama sai ya rubuta maƙala ya aika wa mujallar ilimi. Ba a biyansa komai. Editan mujallar, wanda shi ma galibi malamin wata jami'a ne, sai ya tura wa masana biyu ko uku su tace ta, su nuna kurakurai, su ce a buga ko kada a buga. Su ma ba a biyansu. Ana ɗaukar aikin a matsayin hidimar ilimi. Idan maƙalar ta tsallake, marubucin zai sa hannu a takardar da ke miƙa haƙƙin mallaka ga kamfanin da ke buga mujallar. Daga nan sai kamfanin ya juyo ya sayar wa ɗakin karatu na jami'a, wato jami'ar da ta biya albashin marubucin da na masu tacewar tun farko. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Kamfanonin suna da tasu hujjar, kuma ba duka ce ƙarya ba. Suna tsara rubutu, suna kula da na'urorin da ke adana miliyoyin maƙalu, suna ɗaukar ma'aikata, suna bin diddigin satar fasaha. Duk wannan yana cin kuɗi. Amma ribar da Elsevier, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin, ke bayyanawa a rahotanninsa na shekara ta daɗe tana haura kashi 30 cikin 100 na cinikinsa, ribar da ɗan kasuwar Kantin Kwari ko na Kasuwar Barci ba ya ko mafarkinta. Wani bincike da Vincent Larivière da abokan aikinsa suka wallafa a 2015 ya nuna cewa kamfanoni biyar ne suka buga fiye da rabin maƙalun da suka fito a manyan mujallu a 2013, kuma sunayen Elsevier da Springer da Wiley da Taylor & Francis suna cikinsu. Abin da ya ba su wannan ƙarfi shi ne maƙala ba ta da madadi. Idan shinkafar wannan shago ta yi tsada sai ka je na gaba. Idan kuwa wannan maƙalar kake nema, ƙofa ɗaya ce tak.

Ba haka abin ya faro ba. Mujallun ilimi na farko sun fito a 1665, ɗaya a Faransa ɗaya a Ingila, kuma ƙungiyoyin masana ne suka riƙe yawancin harkar shekaru aru-aru. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne, da gwamnatoci suka fara zuba kuɗi a kimiyya, 'yan kasuwa irin su Robert Maxwell mai kamfanin Pergamon suka gane akwai romo a ciki. Elsevier ya sayi Pergamon a 1991. Kuɗin mujallu ya riƙa tashi har jami'o'in Amurka da Turai suka fara kuka. Mu a nan kuwa tun zamanin tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 darajar naira ta faɗi, ɗakunan karatunmu suka daina karɓar mujallu da yawa. Duk wanda ya taɓa bin kantocin tsofaffin mujallu a jami'o'inmu ya san yadda za ka ga kundi na bin kundi shekara da shekaru, sai kawai jerin ya yanke a tsakiyar shekarun 1980.

Akwai labarin da nake so duk mai ganin wannan rigimar malaman jami'a ce kawai ya ji. A watan Afrilun 2015, ana tsakiyar jimamin annobar Ebola, Dakta Bernice Dahn, babbar jami'ar lafiya ta Laberiya a lokacin, da wasu abokan aikinta biyu suka yi rubutu a jaridar New York Times. Sun ce sun ci karo da wata maƙala da masana daga Turai suka wallafa tun 1982, wadda ta yi gargaɗin cewa a lissafa Laberiya cikin yankunan da ƙwayar Ebola take. Da jinin 'yan Laberiya aka yi binciken, babu ɗan ƙasar ko ɗaya cikin marubutan, kuma sakamakon ya zauna a mujallar da likitocin ƙasar ba sa iya biya. Annobar ta kashe mutum fiye da 11,000 a Afirka ta Yamma. Ba wanda zai rantse cewa karanta maƙala ɗaya zai hana annoba, amma waɗanda abin ya shafa ba a ba su ko damar sani ba. Da na tuna wannan sai na tuna cewa a nan Kaduna muna da cibiyar binciken cutar sammore da ciwon barci, da Cibiyar Ido ta Ƙasa, ga kuma cibiyar binciken aikin gona ta Samaru da ta dabbobi a Shika. Nawa ne cikin abin da ake ganowa a waɗannan wurare yake isa hannun malamin gona a Giwa ko ma'aikacin lafiya a Kachia?

Masana kimiyyar lissafi da fiziya ne suka fara ɓalle ƙofar. A 1991 Paul Ginsparg ya kafa arXiv a Amurka, rumbun da masu bincike ke zuba maƙalunsu kowa ya ɗauka tun kafin mujalla ta buga. A watan Fabrairun 2002 aka fitar da sanarwar Budafes, wadda ta ba fafutukar suna da manufa, sai ta Bethesda da ta Balin suka biyo baya a 2003. Daga baya masu ba da kuɗin bincike suka shigo da ƙarfinsu. Hukumar binciken lafiya ta Amurka ta wajabta a 2008 cewa duk binciken da ta biya a saka shi a rumbun PubMed Central cikin wata 12. A 2018 wasu hukumomin Turai suka fito da shirin da suka kira Plan S, na wajabta buɗe binciken da suka biya, a 2021 kuma ƙasashen UNESCO, har da Nijeriya a matsayinta na mamba, suka amince da shawarar buɗe kimiyya ga kowa.

Zuwa nan labarin yana da daɗin ji. Inda gizo ke saƙar shi ne tambayar wa zai biya.

Hanyar da manyan kamfanoni suka fi rungumar ita ce wadda ake wa laƙabi da ta zinare. Mai karatu ba ya biya, marubuci ne ke biyan kuɗin wallafa. A mujallu da yawa kuɗin yakan kama daga dala 1,000 zuwa 4,000. Mujallar Nature ta sa Yuro 9,500 a kan maƙala ɗaya a 2021, wanda a canjin 2024 ya haura naira miliyan 15, kuɗin da albashin farfesa a jami'ar gwamnati na shekara guda cur bai kai ba. Ga mai bincike a Jamus ko Holan wannan ba damuwa ba ce, domin jami'arsa ta riga ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin, ko kuma kuɗin yana cikin tallafin da aka ba shi. Ga malami a Kaduna kuwa, wanda ya sayi sinadaran gwaji da kuɗin adashi, an gudu ne ba a tsira ba. Da can an hana shi karatu, yanzu an bar shi ya karanta amma an hana shi magana. Ni a ganina wannan ta biyun ta fi muni, domin idan aka ɗore a haka, ilimin duniya game da zazzaɓin cizon sauro da ƙasar noma da harsunanmu zai zama abin da masu kuɗin wallafa kaɗai suka faɗa a kanmu.

Za a ce ai akwai yafiya. Akwai, amma yawancin kamfanoni suna duba jerin Bankin Duniya ne, kuma Nijeriya tana cikin ƙasashe masu matsakaicin samu na ƙasa-ƙasa, ba cikin mafiya talauci ba. Don haka sau da yawa ragi ake ba mu, ba yafiya ba, wani lokacin ma babu ko ragin. Rabin dala 3,000 har yanzu ya fi naira miliyan 2. Kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, ta tashi daga wajen 460 a kan dala zuwa sama da 1,500 a 2024, duk wani kuɗin wallafa ya ninka sau uku a aljihunmu ba tare da kamfani ya ƙara ko sisi ba.

Ba mu kaɗai muka ga rashin adalcin ba. A 2023 editoci fiye da 40 na mujallar NeuroImage da 'yar'uwarta suka ajiye aiki gaba ɗaya saboda kuɗin wallafar da ya kai dala 3,450, suka je suka kafa sabuwar mujalla mai rahusa.

Tsarin "biya a buga maka" ya haifar da wata cuta kuma. Tunda kowace maƙala da aka karɓa kuɗi ce, sai 'yan damfara suka buɗe mujallun bogi, suna da shafin intanet da suna mai ƙayatarwa, amma babu mai tace komai. A 2013 wani ɗan jarida, John Bohannon, ya aika maƙalar ƙarya mai cike da kurakuran da ɗalibin aji ɗaya zai gane zuwa mujallu 304, sai 157 suka karɓa. Na ga abin da idona. Wani abokin aikina ya shigo ofis da murna yana nuna mini saƙon da ya samu: ya aika maƙala ranar Litinin, ranar Alhamis an karɓa, ya tura dala 150 kawai. Na ce masa, "Malam, wane masani ne ya karanta shafi ashirin na lissafin ƙididdiga, ya yi gyara, ya mayar cikin kwana uku?" Ya yi shiru, sannan ya ce, "To ya zan yi? Saura wata biyu a rufe karɓar takardun ƙarin girma, maƙala biyu suka rage mini." Ban ga laifinsa sosai ba. Binciken nasa mai kyau ne, ya shafe damina biyu yana auna ruwan rijiyoyi, amma ya binne shi a inda babu masanin kirki da zai ambace shi.

Tushen matsalar a nan yake. Muddin kwamitin ƙarin girma ƙirga maƙalu yake yi ba karanta su ba, muddin kuma ana ba "mujallar ƙasar waje" maki fiye da ta gida ko da ta wajen shago ɗaya ce a wani bene, to mu da kanmu muke kora malamanmu zuwa ga 'yan damfara. Daga nan ne kuma al'adar "sa sunana in sa naka" ta samo asali, mutum biyar su yi karo-karo su biya kuɗin wallafa, uku daga cikinsu ba su san abin da ke cikin maƙalar ba. Kada dai a ɗauka kowace mujallar da ke buɗe ta bogi ce. Kundin DOAJ, wanda aka fara a Jami'ar Lund ta Suwidin a 2003, yana tantance mujallu kafin ya saka su, kuma mafi yawan waɗanda ke cikinsa ba sa karɓar kuɗi daga marubuci sam.

Wannan batu na ƙarshe shi ne mutane ba su cika sani ba. Akwai mujallun da ba mai karatu ke biya ba, ba kuma marubuci ba. Jami'a ko ƙungiyar masana ko gwamnati ce ke ɗaukar nauyi, kamar yadda take ɗaukar nauyin ɗakin gwaji. Ana kiran wannan hanyar lu'ulu'u. Ƙasashen Latin Amurka sun yi nisa a kanta. Barazil ta kafa SciELO tun ƙarshen shekarun 1990 da kuɗin hukuma, kuma ƙasashe da dama sun shiga. A Afirka muna da AJOL, wanda aka fara a 1998, yanzu yana Afirka ta Kudu, kuma Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan mujallu a cikinsa. Manhajar gudanar da mujalla ta OJS kyauta ce. Abin da mujallar tsangaya take buƙata bai taka kara ya karya ba: wurin ajiya a intanet da ba ya mutuwa, lambar shaida ta dindindin ga kowace maƙala, mai gyaran rubutu, da edita da aka rage wa nauyin koyarwa. Kuɗin da za a kashe wa maƙala biyu a mujallar waje zai iya riƙe irin wannan mujalla tsawon shekara. TETFund tana da tallafin mujallu, amma abin da nake so in gani shi ne a ɗaura tallafin da sharaɗin cewa mujallar ta kasance a buɗe, tana fitowa a kan lokaci, kuma ana tace ta da gaske.

Sai hanyar da ta fi kowacce sauƙi, wadda kuma muka fi sakaci da ita, wato ta kore. Ka buga maƙalarka a duk mujallar da ka ga dama, sannan ka ajiye kwafin da aka amince da shi a rumbun jami'arku na intanet. Yawancin kamfanoni sun yarda da haka, wasu nan take, wasu bayan wata 6 zuwa 24. Jami'ar Ahmadu Bello tana da irin wannan rumbu mai suna Kubanni, kuma ɗalibai da yawa sun ci moriyar kundayen digirin da ke ciki. Wanda makarantarsa ba ta da rumbu yana iya amfani da Zenodo, na cibiyar CERN, ko AfricArXiv da aka kafa a 2018, duk kyauta. A nan babu wani Bature da ya tare mana hanya. Rijiya ta bayar, guga ne ya hana. Na taɓa shiga wani ɗakin ajiya a wani sashe na ga kundayen digiri masu baƙin bango an jibge su tun daga ƙasa har taga, ƙurar hunturu ta rufe su, gara ta cinye na ƙasan. Na zaro ɗaya, a kan magungunan gargajiya na ciwon hanta ne a wasu ƙauyukan kudancin jihar nan, da sunayen itatuwa cikin harsuna uku. Wani ya yi shekara uku a kan aikin nan, ya zauna da tsofaffin da wataƙila yanzu ba sa raye. Kwafi huɗu aka ɗaure, ban san inda sauran ukun suke ba.

Malamai kan ce suna tsoron a sace musu aiki idan suka saka a intanet. Ni na ga akasin haka. Kundin da ke kulle a kanta shi ake kwafewa a shagon buga takardu a canza sunan gari a miƙa a wata makaranta, babu mai ganewa. Wanda ke intanet da suna da kwanan wata, manhajar gano satar rubutu za ta kama duk wanda ya ɗauka.

Abin ya fi tsanani ga masu nazarin Hausa. Mujallu irin su Harshe ta Zariya da Harsunan Nijeriya da Algaita na Kano da Ɗunɗaye ta Sakkwato sun tara aikin manyan malamai na shekaru da dama, amma yawancin tsofaffin fitowarsu a takarda suke, kwafi kaɗan, sai ka san wanda ya san wanda ke da su. Babu kamfanin waje da ya kulle waɗannan. Na'urar ɗaukar hoton takardu da izinin marubuta da ɗalibai biyu masu himma sun isa su fito da su duniya. Haka nan taskar Gidan Arewa da ta Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke nan Kaduna. Kuma ko an buɗe maƙala, idan da Turancin masana aka rubuta ta, manomin Soba bai karanta ba. Lasisin buɗewa irin CC BY na Creative Commons yana ba kowa izinin fassarawa muddin ya ambaci mai aikin, don haka babu abin da zai hana kowace mujallar Arewa ta riƙa saka taƙaitaccen bayani da Hausa a gaban kowace maƙala.

Na san wasu na karanta wannan suna cewa ai akwai Sci-Hub, shafin da ke raba maƙalun da aka kulle kyauta ba da izinin kamfanoni ba. Gaskiya ne ɗalibai da malamai suna amfani da shi a ko'ina cikin duniya tun da Alexandra Elbakyan ta Kazakistan ta kafa shi a 2011. Amma ya saɓa dokar haƙƙin mallaka, wata kotu a New York ta ci shi tarar dala miliyan 15 a 2017, kuma ana toshe shi a ƙasashe da dama. Ko an ajiye batun doka, bai magance rabin matsalarmu ba, domin ba zai buga maka maƙalarka ba, ba kuma zai ceto kundin da gara ke ci ba.

A daren nan ni da 'yar yayata muka zauna da jerin nata har bayan isha'i. Muka bi Google Scholar muna danna inda ake nuna sauran kwafin kowace maƙala, muka samu wasu a PubMed Central, wasu a AJOL, wasu a rumbunan jami'o'in marubutan. Na ce ta je wurin ma'aikacin ɗakin karatun makarantarsu ta tambaya ko suna da rajistar Hinari, shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara a 2002 don cibiyoyin ƙasashe masu tasowa, domin sau da yawa makaranta na da shi ɗalibai ba su sani ba. Ita kuwa maƙalar dala 35, na sa ta rubuta wa marubucin farko wasiƙa ta imel, layi huɗu, ta gabatar da kanta ta roƙi kwafi. Ta ce, "Kawu, zai kula ni kuwa?" Ranar Talata ya turo mata, har da wata sabuwa da bai riga ya buga ba. Guda bakwai ne suka gagare mu, ta rubuta babin ba tare da su ba.

Da za ta tafi na roƙe ta abu ɗaya, cewa idan ta kare kundinta kada ta tsaya a kwafi huɗu masu baƙin bango, ta saka shi a rumbu, ta kuma rubuta shafi ɗaya da Hausa ta kai wa ungozomomin da suka taimaka mata tattara bayanai. Ta ce shafin Hausar ma shi za ta fara rubutawa.